Mabuɗan Madam Cima

Ran da na kama aiki a ofishin kula da ɗalibai
na zo da kwalin digiri a hammata,
ina jiran a nuna mini kujera.
Madam Cima ta dube ni ta saman tabarau,
ta miƙo mini bokiti.
Ta ce, "Famfon ɓangaren 'yan mata kwana huɗu bai ɗiga ba.
Je ka ƙirgo jarkoki, in ka dawo mu gaisa."

Haka aka rantsar da ni.

Mabuɗi arba'in da ɗaya ke rataye a ƙugunta,
kafin ka gan ta ka ji ta,
kacau-kacau daga ɗakin abinci har bakin ƙofa.
Amma kayen nan mai baƙin bango ya fi su nauyi:
wane ɗan Gure ne, tikitinsa kan ƙare ran ashirin ga wata
kuma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba;
wance ta Dungas ta yi rashin uba ana tsakar jarrabawa;
Kiyari ba ya barci in an kashe fitila.
Ba ma'aikatar da ta taɓa neman wannan lissafi.

Na ce, "Madam, doka ta ce ɗaki mutum huɗu."
Ta ce, "Na san ta, ni na buga ta a keken rubutu.
Na biyar ɗin ina zai kwana? Kan duwatsun Birni?
Rubuta shi. Sa sunana a ƙasa, ba naka ba,
wuyanka bai yi kaurin ɗaukar faɗa ba tukuna."

Shekarar da kuɗin bursi suka yi wata uku a hanya
yara suka tare ƙofa da tayoyi,
manya suka sulale ta baya cikin motoci.
Ita tabarma ta sa na ɗauko.
Ta shimfiɗa gaban hayaƙi, ta tuɓe takalmi, ta zauna.
Ta ce da jagoransu, "Nafi'u,
kuɗinku ba sa aljihuna, ƙarya kuma ba ta bakina.
Ga abin da Yamai ta ce, ga abin da ban sani ba.
Zauna ka rubuta kukanku.
Zan gyara maka harufa, zafin ba zan taɓa shi ba."
Har la'asar sakaliya suna nan.
Ni ina gefe riƙe da buta, gwiwata na kaɗawa.

Kada a ce waliyyiya ce.
Ta taɓa tsinka ni gaban masu shara
don na bar yarinya tsaye ina dariya a waya.
Kwana biyu ban gaishe ta ba.
Rana ta uku na iske ƙunshin kilishi a teburina,
ba takarda, ba ban-haƙuri.
Ni ma ban ce na gode ba. Na dai cinye.

Da za ta ajiye aiki an yi jawabai, an sha lemo,
ta kwance mabuɗan ta zuba mini a tafi.
Na ce, "Kayen fa?"
Ta ce, "Asirin 'ya'yan mutane ne, murhu zai gāje shi.
Sayi naka a Kasuwar Dole,
ka cika shi da ƙafarka."

Yanzu tana Garin Malam tana kiwon awaki.
Takan kira ni da asuba, ba sallama:
"Ruwa ya zo?"

Jiya aka turo mini sabuwar ma'aikaciya, Barira,
da nata kwalin, da takalmi mai tsini.
Na dubi bokiti. Famfo na zuba tun dare.
Sai na ce, "Ɗaki na goma sha bakwai,
akwai yaron da kwana uku bai fito cin abinci ba.
Kada ki tambaye shi dalili.
Ki ce kwan fitila kika zo dubawa."